Kafa kamfani a ƙasar waje da samun izinin zama: wanne ake fara nema, kuma ta yaya

Takardar rajistar kamfani daga ofishi ɗaya take fitowa, katin izinin zama kuma daga wani ofishin daban, kuma kusan ko'ina a duniya waɗannan ofisoshi biyu ba sa jiran juna. Ofishin rajista abin da ya dame shi shi ne suna, adireshi, jari da daraktoci. Hukumar shige da fice kuwa tambayarta ɗaya ce: me ya sa sai lallai ka zauna a ƙasar nan kafin wannan sana'a ta tafi? Mutane da dama sun kashe kuɗi sun yi rajista cikin kwana uku, sun kama ofis, sannan aka ce musu irin kamfanin da suka kafa ba ya cikin waɗanda ake bai wa mai su izinin zama. Don haka tsarin da ya dace shi ne a fara karanta dokar zama, a gina kamfanin yadda zai dace da ita.

Mataki na farko: zama za ka yi, ko mallaka daga nesa?

Ka zauna ka amsa wa kanka wannan tambaya tun kafin ka biya kowa ko sisi. Idan abin da kake buƙata shi ne kamfanin da zai karɓi kuɗin kwastomomi na waje, ya sa hannu a kwangila, ya buɗe asusu, to ƙila ba ka buƙatar izinin zama ko kaɗan. A Birtaniya, baƙon da bai taɓa taka ƙasar ba yana iya zama darakta kuma mai dukkan hannun jarin kamfani, muddin kamfanin yana da adireshin ofis a cikin ƙasar. A Amurka ma haka, sai dai a naɗa wakili mai adireshi a jihar da aka yi rajista.

Istoniya ce ta fi rikita mutane a nan. Tun 2014 take bayar da katin e-Residency, wanda da shi za ka kafa kamfani ka sa hannu a takardu ta intanet daga duk inda kake. Katin ba biza ba ne. Ba ya ba ka damar shiga Istoniya ko wata ƙasar Turai, balle zama. Duk wanda ya sayar maka da shi a matsayin hanyar komawa Turai ya yaudare ka.

Idan kuwa niyyarka ka koma can da iyalinka, to sauran matakan nan duk naka ne.

Mataki na biyu: gane irin izinin da ya dace da kai

Izinin zama na 'yan kasuwa ya kasu gida-gida, kuma kowane gida da abin da yake aunawa.

Akwai wanda ke auna amfanin sana'ar ga ƙasa. Jamus ce babban misali. Sashe na 21 na dokar zaman baƙi ya ɗora sharuɗɗa uku: a samu buƙatar sana'ar ta fuskar tattalin arziki ko a yankin da za a kafa ta, a yi tsammanin za ta amfani tattalin arziki, kuma a tabbatar da kuɗin gudanar da ita, ko daga aljihunka ko ta alkawarin rance. Tun 2012 aka cire ƙayyadadden adadin jari, amma wannan bai sauƙaƙa lamarin ba. Ofishin baƙi yakan tura tsarin kasuwancinka ga majalisar 'yan kasuwa da masana'antu ta yankin, ta karanta ta ba da ra'ayi, kuma ra'ayin nan nata yana da nauyi ƙwarai. Wanda ya haura shekara 45 sai ya ƙara da shaidar tanadin tsufa. Holan ma irin wannan take yi, sai dai da maki: gogewarka, tsarin kasuwancinka, da abin da za ka ƙara wa ƙasar.

Akwai wanda ke auna sabuwar fikira. Bizar Innovator Founder ta Birtaniya, wadda ta fara a Afrilun 2023, ba ta ƙayyade jari ba, amma sai wata hukumar da gwamnati ta amince da ita ta rubuto cewa sana'arka sabuwa ce, za ta iya tsayuwa, kuma za ta iya girma. Shekara uku ake bayarwa, kuma hukumar za ta zauna da kai bayan wata 12 da bayan wata 24 ta ga inda aka kwana. EntrePass na Singafo ma haka yake, har ma gwamnati ta lissafa sana'o'in da ba ta karɓa, irin su gidan shayi, wurin sayar da abinci da kamfanin samar wa mutane aiki. Mai saye da sayarwa na yau da kullum, komai yawan cinikinsa, ba wannan ƙofar ce tasa ba, kuma ɓata lokaci ne ya ƙwanƙwasa ta.

Sai wanda ke auna kuɗi kai tsaye. Katin ƙwararru na Faransa ga mai kafa kamfani yana neman zuba Yuro 30,000 tare da digiri na biyu ko gogewar shekara biyar. Shirin STEP na Ayalan yana neman Yuro 50,000. EB-5 na Amurka, tun Maris na 2022, dala 1,050,000 ne, ko 800,000 a karkara da yankunan da rashin aiki ya yi yawa, tare da samar da cikakken aiki ga mutum goma. Waɗannan alƙaluma suna motsawa. Japan ta daɗe tana karɓar jarin yen miliyan 5 a bizar manajan kasuwanci, sai a Oktoban 2025 ta mayar da shi miliyan 30. Birtaniya ta rufe bizar masu zuba jari baki ɗaya a Fabrairun 2022. Saboda haka duk adadin da ka ji, ka sake duba shi a shafin hukumar a makon da za ka miƙa takardu.

Fasfo ma yana raba mutane. Bizar E-2 ta Amurka ta 'yan ƙasashen da ke da yarjejeniya da ita ce kawai, irin su Jamus, Japan, Turkiyya, Masar, Maroko da Kamaru. Ɗan Indiya ko Barazil ba ya ciki ko da nawa zai zuba. Wanda ba ya cikin jerin amma yana da kamfani mai aiki a gida, sai ya duba L-1A: idan ya yi shekara ɗaya cikin ukun da suka wuce yana shugabantar kamfanin, kamfanin zai iya tura shi ya buɗe ofis a Amurka. Shekara ɗaya ake fara bayarwa ga sabon ofis, kuma dole uwar kamfanin ta ci gaba da aiki. Wanda ya rufe na gida don ya koma can ya sare reshen da yake zaune a kai.

Mataki na uku: zaɓen sigar kamfani

Sana'ar mutum ɗaya da sunansa ita ce mafi arha da sauƙin rajista, amma bashin sana'ar bashinka ne, har gidanka da motarka. A yawancin ƙasashe ma sai wanda ya riga ya mallaki izinin zama da na aiki ne ke iya yin ta, don haka ba ta cika zama hanyar shiga ba. Haɗin gwiwa na gama-gari ya fi ta haɗari, domin abokinka zai iya cin bashi da sunan sana'ar a zo a kama ka.

Abin da mafi yawan baƙi ke kafawa shi ne kamfanin da doka ke ɗauka a matsayin mutum mai zaman kansa, wanda asarar mai shi ba ta wuce jarin da ya sa. Sunansa ya bambanta: Ltd a Birtaniya, GmbH a Jamus, BV a Holan, OÜ a Istoniya, SARL ko SAS a Faransa, LLC a Amurka da Dubai. Jarin da doka ta wajabta shi ma ya bambanta. BV da OÜ ana iya kafa su da santi ɗaya na Yuro. GmbH kuwa Yuro 25,000 ne, kuma sai an biya aƙalla 12,500 kafin a shigar da shi rajista.

A nan ne ake yawan yin kuskure. Jamus tana da ƙaramar siga mai suna UG, wadda ake iya kafawa da Yuro ɗaya, da sharaɗin a riƙa ajiye kashi 25 cikin ɗari na ribar kowace shekara har jarin ya kai na GmbH. Doka ta yarda, amma jami'in da ke karanta takardar neman izininka zai ga kamfani mai jarin Yuro ɗaya ko ɗari biyar, ya tambayi kansa da me za a biya hayar wata na farko. Bayan haka, dokar Jamus ta tilasta wa darakta ya kai rahoton karyewar kamfani cikin mako uku da zarar ya kasa biyan bashin da lokacinsa ya yi, in ba haka ba laifi ne a kansa shi kansa. Kamfanin da ba shi da jari yana iya faɗawa wannan hali tun da takardar kuɗin lauya ta farko. Mafi ƙarancin jarin da doka ta yarda da shi daban, jarin da zai gamsar da hukumar shige da fice daban, kuma na biyun za ka yi lissafi da shi.

Mai kamfani a gida yana da ƙarin zaɓi. Reshe ba shi da rayuwar kansa a doka, duk abin da ya ɗauko uwar kamfani ce za ta biya, kuma sau da yawa sai an miƙa bayanan kuɗin uwar a ƙasar da reshen yake. Ƙaramin kamfani da uwar ta mallaka kuwa yana tsaye da ƙafarsa, matsalarsa ba ta tsallakawa gida. Ofishin wakilci na binciken kasuwa da tuntuɓa ne kawai, ba a yarda ya sayar da komai ko ya yanka rasit ba. Idan ba wani dalilin haraji ko na lasisi ya tilasta ba, ƙaramin kamfani ya fi kwanciyar hankali.

Ka duba sharaɗin darakta mazaunin ƙasa. Singafo tana buƙatar aƙalla darakta ɗaya mazauninta. Ayalan tana neman ɗaya mazaunin yankin tattalin arzikin Turai, ko a sayi takardar lamuni ta Yuro 25,000. A Kanada, kamfanin tarayya sai kashi 25 cikin ɗari na daraktocinsa sun zama mazauna, alhali lardin British Columbia bai ɗora wannan sharaɗi ba. Akwai kamfanonin da ke ba da hayar darakta. Idan dole ta sa, a rubuta yarjejeniya a gaban lauya, kada a ba shi ikon taɓa asusun banki, kuma a san cewa a idon doka darakta ne na gaske mai ikon ɗaure kamfanin da sa hannunsa.

Amurka tana da nata tarko biyu. Baƙon da ba mazauni ba ba ya iya riƙe hannun jari a kamfanin da ya zaɓi tsarin haraji na S. Sannan LLC da baƙo ɗaya ya mallaka dole ya cike fom 5472 duk shekarar da kuɗi suka shiga ko suka fita tsakaninsa da mai shi, ko da bai ci ribar komai ba. Tarar rashin cikewa dala 25,000 ce.

Mataki na huɗu: takardu

Fasfo mai sauran aƙalla shekara biyu, domin ƙasashe da yawa ba sa ba da izinin da zai wuce wa'adin fasfo. Takardar shaidar rashin laifi daga 'yan sanda, ta duk ƙasar da ka daɗe a cikinta. Takardun karatu da na gogewa. Takardar aure da ta haihuwar yara idan da iyali za a tafi. Bayanan asusun banki na wata shida ko fiye. Inshorar lafiya.

Kowace takardar hukuma sai an tabbatar da ita kafin wata ƙasa ta karɓa. Tsakanin ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar Hague ta 1961, hatimi ɗaya da ake kira afostil ya wadatar. Idan ɗaya daga cikin ƙasashen biyu ba ta ciki, sai takardar ta bi ta ma'aikatar harkokin waje ta ƙasarka, sannan ofishin jakadancin ƙasar da za ka. Bayan hatimi ake fassara, a hannun mai fassarar da ƙasar ta amince da shi, domin hatimin ma ana fassara shi. Takardar 'yan sanda galibi wata uku zuwa shida take rayuwa, don haka ita ake nema daga ƙarshe. Wanda ya fara da ita yakan iske ta mutu kafin ranar ganawarsa ta zo. A kuma duba rubutun suna harafi-harafi: Muhammad a fasfo, Mohammed a takardar digiri, wannan kaɗai ya isa a dawo da fayil.

Tsarin kasuwancin da za ka rubuta shi ne zuciyar fayil ɗin. Ya ƙunshi abin da za ka sayar, wa zai saya, su wa ke sayar da irinsa a garin, da lissafin shiga da fita na shekara uku, shekarar farko wata-wata. Abin da ya fi ɗaga shi shi ne wasiƙu daga kwastomomi ko dillalan ƙasar da ke cewa za su yi hulɗa da kai. Wasiƙa biyu ko uku na gaske sun fi shafi ashirin na yabon kai. Ka kuma ware kuɗin cin abincinka da hayar gidanka na shekara guda daga jarin kamfani, ka nuna su a asusu daban. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma jami'an sun san sabuwar sana'a ba ta ciyar da mai ita a watannin farko.

Mataki na biyar: jerin aiki a ƙasa

A Jamus, yawancin baƙi daga ofishin jakadanci suke neman bizar dogon zama tun suna gida. Bizar Shengen ta ziyara, mai kwana 90 cikin kowane 180, tana ba ka damar zuwa ganawa da lauya da duba wuri, amma ba a juya ta zuwa izinin sana'a, kuma ba a aiki da ita. Kafa GmbH kuwa ga yadda yake bi: a je gaban notari, wato jami'in doka mai tabbatar da takardu, ya shaida dokokin kamfani, a ɗauki takardarsa a buɗe asusun kamfanin, a zuba jari, a mayar masa da shaidar banki, shi kuma ya tura wa rajistar kasuwanci ta kotu. Bayan an shigar, a yi rajistar sana'a a ofishin gari, a cike tambayoyin ofishin haraji a karɓi lamba. Tsakanin ranar notari da ranar shigarwa, duk wanda ya sa hannu a kwangila da sunan kamfanin yana iya ɗaukar bashin a wuyansa. Kada ka rattaba hannu a hayar shekara biyar a wannan tazarar.

A Hadaddiyar Daular Larabawa jerin a juye yake, kamfani ne ke janyo izinin. Ana fara zaɓe tsakanin rajista a cikin gari da rajista a yankin ciniki maras shinge, irin su Jebel Ali ko DMCC a Dubai. Tun Yunin 2021 baƙo yana iya mallakar kamfanin cikin gari ɗari bisa ɗari a mafi yawan sana'o'i, don haka tsohon dalilin gudu zuwa yankunan nan ya ragu. Abin dubawa yanzu shi ne inda kwastomominka suke: kamfanin yankin ciniki galibi ba ya sayar da kaya kai tsaye a cikin gari sai ta hannun dillali ko da ƙarin izini. Bayan lasisi sai katin kamfani na hukumar shige da fice, sai takardar shiga, sai gwajin jini da hoton ƙirji, sai ɗaukar yatsu na katin Emirates ID, sannan izinin zama, wanda yawanci shekara biyu ne. Yawan bizar da kamfani zai samu yana bin girman ofishinsa. Mai hayar teburi ɗaya kada ya sa ran kawo ma'aikata goma. A tambayi kuɗin sabunta lasisi na shekara ta biyu tun kafin a biya na farko, domin rangwamen da ake tallatawa sau da yawa na shekarar farko ne kaɗai.

Banki

Nan ne aiki ya fi tsayawa. Banki ba dole ne ya karɓe ka don kana da lasisi ba. Zai tambayi waye ainihin mai kamfanin, galibi duk mai riƙe da fiye da kashi 25 cikin ɗari, daga ina jarin ya fito, su waye kwastomomi, daga waɗanne ƙasashe kuɗi za su riƙa shigowa. Ka tanadi sawun kuɗinka: takardar sayar da fili, bayanan ribar kamfaninka, rasit ɗin haraji. Kuɗin da aka zuba a asusunka dunƙule mako biyu kafin nema, ko wanda ya biyo ta hannun 'yan canji ba tare da takarda ba, shi ne ya fi jawo ƙi, a banki da a ofishin biza duka. Jarin ya fito daga asusu mai sunanka zuwa asusun kamfani kai tsaye. Ka nemi bankuna biyu ko uku a lokaci ɗaya.

Haraji

Izinin zama daban, zama mai biyan haraji daban. Ƙasashe da yawa suna amfani da ma'aunin kwana 183 a shekara, amma suna kuma duba inda gidanka da iyalinka suke. Shi ma kamfani ana iya ɗora masa haraji a inda ake tafiyar da shi a zahiri, ko da a wata ƙasa aka yi masa rajista. Wanda ya kafa OÜ a Istoniya yana zaune a Faransa yana yanke duk shawara daga can, hukumar harajin Faransa tana da hujjar neman rabonta. Ɓoyewa kuma ta yi wuya, domin sama da ƙasashe ɗari suna musayar bayanan asusun banki duk shekara a ƙarƙashin tsarin CRS.

Maganar cewa babu haraji a Dubai ta tsufa. Tun Yunin 2023 akwai harajin kamfani na kashi 9 cikin ɗari a kan ribar da ta haura dirhami 375,000, kuma kamfanonin yankin ciniki ma dole su yi rajista, tarar makara dirhami 10,000 ce. Ka ɗauki akanta a ƙasar tun watan farko, ka tambaye shi ko akwai yarjejeniyar hana biyan haraji sau biyu tsakanin ƙasar da taka.

Sabuntawa

Izinin farko a kan alkawari ake ba da shi, na biyu a kan abin da aka gani. Jami'i zai ɗauko tsarin da ka rubuta ya gwada da bayanan akanta: ciniki nawa, ma'aikata nawa, an biya haraji da inshora ko ba a biya ba, sana'ar tana ciyar da kai ko a'a. Shi ya sa cika baki a tsarin farko yake dawowa ya cuci mai shi. A Jamus, wanda sana'arsa ta tsaya da ƙafarta yana iya neman zaman dindindin bayan shekara uku. A Turkiyya, izinin aikin baƙo a kamfani yana ɗaure da ƙa'idar ɗaukar 'yan ƙasa biyar aiki.

Izinin yakan ɗaure da sana'ar da aka rubuta a kansa. Idan za ka sauya layi, ko ka sayar da hannun jarinka, ko ka karɓi aikin albashi a gefe, sai ka nemi amincewar hukuma tukuna. Daɗewa a waje ma yana kashe shi: a Jamus da Daular Larabawa, wata shida a jere a wajen ƙasa ya isa izini na yau da kullum ya faɗi, sai dai wasu rukunai irin su masu bizar zinare ta shekara goma a Daular, waɗanda wannan bai shafa ba. Izinin mata da yara kuma a jikin naka yake rataye, ranar da naka ya faɗi nasu ma ya tafi. Ka miƙa takardun sabuntawa wata biyu zuwa uku kafin wa'adi, ka karɓi rasit ɗin miƙawa ka adana, domin a ƙasashe da yawa shi ne shaidar cewa zamanka halal ne yayin da ake duba fayil ɗin.